Cokali Ɗaya, Baki Biyu

Macen da Allah ya ba tagwaye, in lokacin shan kunu ya yi, dabara biyu gare ta. Ko dai ta zaunar da su a gabanta da kwano ɗaya da cokali ɗaya, ta ba Hassan ta juyo ta ba Hussaini, hannunta na hagu yana tare wanda ba layinsa ba kada ya kai wawura. Ko kuma, in sun ɗan yi wayo, ta raba kunun kwano biyu ta dire wa kowa nasa. A dabarar farko kowa cikakken cokali yake samu, amma sai ya jira, in kuwa hannun uwa ya yi nawa, kuka ya tashi. A ta biyu ba jira ba rigima, sai dai abin da ke gaban kowa rabi ne. Kuma duk gidan da aka yi goyon tagwaye an san ba a nuna fifiko tsakaninsu. Tsofaffi har cewa suke in ka ɓata wa ɗaya rai, to ka kakkaɓe shimfiɗarka da dare saboda kunama.

Idanun mutum tagwaye ne. Jayayyar da kamfanonin Koriya da Japan suka yi tun daga 2010 a kan yadda talabijin za ta nuna hoto mai zurfi, wanda ake kira 3D, ba ta wuce waɗannan dabaru biyu ba. Sai dai ba a gane rabon sai an fara gane saurin cokalin, wato lambar nan da ake dannawa a jikin kwali da manyan baƙaƙe: 50Hz, 100Hz, 120Hz, wani kwalin ma har 800.

Talabijin ba ta taɓa nuna motsi ba. Tsayayyun hotuna take jerowa, wannan na bin wannan, kowane ya ɗan saɓa da na gabansa, ƙwaƙwalwa ta ɗinke su ta ce ga ɗan wasa can yana gudu. Hz daga sunan Heinrich Hertz aka samo ta, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a ƙarshen shekarun 1880, kuma abin da take ƙirgawa shi ne sau nawa abu yake maimaituwa a sakan ɗaya. Talabijin mai 50Hz tana sake zana fuskarta sau 50 a sakan. Zuwan cokali ke nan. Amma yawan zuwan cokali daban, yawan kunun da ke kwano daban, kuma a nan mai saye yake faɗawa tarko. Kunun shi ne adadin sababbin hotunan da kyamara ta ɗauka, tasha ta aiko. Talabijin ba ta damu ba, miƙawa ce aikinta.

'Yan fim ne suka fara cin karo da wannan. Zamanin fim marar magana da hannu ake juya kyamara, gudun ya danganta da mai juyawa. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, dole aka tsayar da gudu ɗaya, don murya ba ta jure a ja ta a sake ta. Aka tsaya a kan hoto 24 a sakan, ba don a nan ido yake ƙoshi ba, sai don shi ne ɗan abin da sauti zai fita da kyau ba tare da an ɓarnatar da zaren fim mai tsada ba. To amma in haske yana ɗaukewa yana dawowa sau 24 kacal, ido na ganin ƙyaftawar. Sai aka sa wa majigi wani faifai mai juyawa da ke datse hasken, a haska kowane hoto sau 2 ko 3. Kunu 24, cokali 48 ko 72. Duk wanda ya yi kallo a sinimar Plaza ko El Dorado a Kano, abin da ya gani ke nan.

Ita kuwa talabijin daga wutar lantarki ta gaji lambarta. Wutar da ke shiga gidaje kai-da-komowa take yi, sau 60 a sakan a Amurka, sau 50 a Turai da Najeriya da Nijar. Injiniyoyin farko sun ɗaure gudun hoto da gudun wutar, domin in suka saɓa sai a ga wata inuwa tana hawa tana sauka a fuskar akwatin. Shi ya sa tsarin NTSC na Amurka ya zauna a 60, na Turai a 50. Tashar farko a Najeriya, WNTV ta Ibadan, ta buɗe a 1959, ta Kaduna ta biyo a 1962. Da launi ya zo Najeriya ta ɗauki PAL na Jamusawa, Nijar ta ɗauki SECAM na Faransa, dukansu layi 625, zuwa 50. Ko a hamsin ɗin ma da dabara a ciki: rabin hoto ake aikowa kowane zuwa, layukan mara a wannan karon, na cika a na gaba. Har yau abin da ke sauko maka ta tauraron ɗan'adam, ƙwallon Ingila ne ko shirin Arewa24, a ma'aunin 50 ɗin nan yake.

Rigima tana tasowa in kunu bai rabu daidai da cokali ba. 24 ba ta shiga 60 ba tare da saura ba, sai Amurkawa suka riƙa nuna hoto ɗaya sau 3, na biye sau 2, haka har fim ya ƙare. Sakamakon shi ne wata 'yar ɗingisa da ake gani in kyamara tana juyawa a hankali. Mu masu 50 yanke aka bi da mu: a ƙara wa fim gudu daga 24 zuwa 25, a nuna kowane hoto sau 2. Ƙarin kashi 4 cikin 100 ne, ba mai lura, amma fim mai minti 120 a sinima a minti 115 yake ƙarewa a kaset ko DVD na PAL, muryoyin 'yan wasa kuma su ɗan ƙara siranta. Fim ɗin Indiya mai awa 3 kuwa, minti 7 cur ake zaftare masa ba tare da an yanke ko rawa ɗaya ba. A nan 120 take da amfani na gaskiya: 24 sau 5 ce, 30 sau 4, 60 sau 2, kowa ya shiga ba saura. In kuma aka ba ta hoto mai 50, sai ta sauko ta yi aiki a 100.

Sai tambayar da ta fi damun masu gidan kallo. Me ya sa tsohuwar talabijin mai ƙeya, da duk nauyinta da zafinta, take nuna ƙwallo tas in an ɗirka ta, amma sabuwa ta bango mai araha sai ƙwallon ta dishe tana jan wutsiya? Tsohuwar walƙiya take yi. Kowane ɗigo na fuskarta yana haskawa ne na ɗan ƙanƙanen lokaci ya mutu, sauran lokacin duhu ne. Shi ya sa in ka ɗauke ta bidiyo da wayarka kake ganin baƙin layi yana ratsawa. Cokali ya shiga ya fita, yaro ya haɗiye. Ita kuwa LCD, har da wadda ake kira LED (ai LCD ce, fitilar bayanta kawai aka sauya), riƙe hoton take yi a kunne har sai na gaba ya iso. Cokalin yana nan a baki.

Mu ɗauki ƙwallon da mai tsaron gida ya buga, ta ratsa fuskar talabijin daga gefe zuwa gefe cikin sakan ɗaya. Faɗin fuskar ɗigo 1,920 ne. A 50Hz ƙwallon tana tsayawa cak na kashi 1 cikin 50 na sakan, sannan ta yi tsalle na ɗigo 38, ta sake tsayawa. Idonka kuwa ba ya tsalle, bin ta yake yi sumul. Don haka a duk ɗan tsayuwar nan ido yana gogar hoton ya wuce, kuma dishewar a cikin idonka take faruwa, ba a jikin gilashin ba. In aka samu sababbin hotuna 100 a sakan, tsallen ya koma ɗigo 19, dishewar ta ragu da rabi. Ga kuma nawar ɗigogin LCD ɗin kansu wajen sauya launi, wadda a talabijin mai araha takan ƙara wa wutsiyar tsawo.

To ga uwa mai zafin hannu, cokali 100 a sakan, ga kunu na cokali 50. Yaya za ta yi? Ko ta raba kowane cokali biyu, wato a nuna hoto ɗaya sau 2; wannan bai ƙara komai ba, ƙwallon tana nan da tsallenta na 38. Ko ta riƙa ɗaga hannu tsakanin cokali da cokali don yaro ya haɗiye, wato a kashe fitilar baya na ɗan lokaci a kwaikwayi walƙiyar mai ƙeya. Wannan yana wanke hoto sosai, amma haske yana raguwa, wasu idanun kuma suna ganin ƙyaftawar. Ko kuma ta ƙara ruwa.

Ƙarin ruwan shi ya fi yawa a kasuwa. Sony na kiransa Motionflow, LG na kiransa TruMotion, Samsung kuma Auto Motion Plus. 'Yar kwamfutar da ke cikin talabijin takan dubi hoto na ɗaya da na biyu, ta ga ƙwallo tana nan, ta koma can, sai ta ƙirƙiri hoton tsakiya wanda babu kyamarar da ta ɗauke shi, ta ajiye ƙwallon a inda take zaton ta bi. In motsin miƙaƙƙe ne, kamar rubutun labarai da ke gudana a ƙasan allo, zaton yakan yi daidai, abin gwanin sha'awa. In kuwa 'yan wasa sun cakuɗe a gaban raga, hannu ya gifta fuska, ƙwallo ta bi ta gaban 'yan kallo masu fararen riguna, sai kwamfutar ta rikice. Za ka ga wani hazo yana kewaye kan ɗan wasa, ko ƙwallo ta zama biyu, ko ta ɓace ta sake bayyana.

A fim abin ya fi muni, don kunun 24 ne kacal, sai an zuba cokali 4 na ruwa a kan kowane cokali 1 kafin a kai 120. Fim ɗin da aka kashe wa miliyoyin daloli sai ya koma kamar bidiyon biki, kana ganin hoda a fuskar jarumi, kana gane bangon katako ne. Abin ya ishi masu shirya fina-finai, har a Disamban 2018 Tom Cruise da daraktansa Christopher McQuarrie suka yi ɗan bidiyo suna roƙon jama'a su kashe wannan tsari kafin su kalli fim ɗinsu. A 2019 kamfanoni suka amince da wani zaɓi mai suna Filmmaker Mode da ke kashe shi gaba ɗaya. Ni dai ra'ayina, a ƙwallo ka bar shi a mafi ƙanƙantar daraja, a fim ka kashe shi. Kuma kada a ɗora wa ruwan laifin duka: Peter Jackson ya ɗauki The Hobbit na 2012 a hoto 48 na gaskiya, ba sirki, amma da yawa suka ce bai yi musu kama da fim ba. Shekara casa'in da wani abu ido yana shan 24, ya saba.

Manyan lambobin kwali kuwa, a nan ne ake ƙirga har da juyin wuyan hannu. A haɗa saurin allon da aikin kwamfutar da ƙyaftawar fitila, a ninka, a ba abin suna mai kama da Hz. Talabijin ɗin Samsung da aka rubuta wa Motion Rate 120, allonta 60 ne. Mai 240 ita ce 120. Filasma ta gaskiya, ba wadda muke kiran kowace ta bango da sunan ba, an riƙa rubuta mata 600Hz, domin kowane hoto da 'yan walƙiyoyi 10 take gina shi, 10 sau 60. Ba ƙarya aka yi ba, amma sababbin hotunan 60 ne. Zuwa ƙarshen 2014 Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta. A yau kusan duk talabijin da za ka samu, ko dai 50 da 60 ce, ko 100 da 120. Inda aka fi samun kunu mai kauri da zai cika cokali 120 shi ne wasan gem: PlayStation 5 da Xbox Series X da suka fito a Nuwamban 2020, da kwamfuta mai ƙarfi. Masu gem ɗin ma su ne suka fi tsanar ƙarin ruwa, don lissafin yana cin lokaci, ka danna maɓalli ɗan wasanka ya makara.

Duk wannan da baki ɗaya muke. Yanzu ga na biyu ya iso.

Ɗaga yatsanka a gaban hancinka, ka rufe idon hagu, ka buɗe, ka rufe na dama. Yatsan zai yi tsalle, bangon da ke nesa kuwa kusan bai motsa ba. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar santimita 6 da 'yan kai, kowane yana hango duniya daga gefensa, kuma daga wannan saɓani ƙwaƙwalwa take auna kusa da nesa. Charles Wheatstone, Baturen Ingila, ya nuna haka a 1838 da madubai biyu da zane biyu: ba kowane ido nasa zanen, sai abu ya taso daga takarda. Tun daga ranar matsalar ɗaya ce, yadda za a hana Hassan taɓa rabon Hussaini. An gwada tabarau mai ja da shuɗi, ya kashe launi. Hollywood ta yi zazzaɓin abin daga 1952 zuwa 1954, kuma abin dariya, André de Toth, daraktan House of Wax na 1953, wanda yana cikin waɗanda suka fi samun kasuwa, ido ɗaya gare shi. Bai taɓa ganin zurfin da ya sayar wa mutane ba.

Zazzaɓin ya dawo da Avatar na James Cameron a Disamban 2009. Wata guda bayan nan, a baje-kolin kayan lantarki na Las Vegas, kowane babban kamfani ya fito da talabijin ɗinsa ta 3D. A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu an ɗauki wasa 25 da irin wannan kyamara mai ido biyu, ciki har da wanda Ajantina ta ci Najeriya 1 da nema, ranar da Vincent Enyeama ya hana Messi sakat.

Samsung da Panasonic da Sony da dabarar cokali ɗaya suka fara. Talabijin ta nuna cikakken hoton idon hagu, ta share, ta nuna na dama. Tabaran da ke fuskarka yana da batir, kowane gilashinsa ɗan allon LCD ne da ke iya baƙi ƙirin ko ya washe. Lokacin hoton hagu gilashin dama ya rufe, lokacin na dama na hagu ya rufe. Hannun uwa ke nan da ke tare wanda ba layinsa ba. A kwali Active ake rubutawa. Ga inda saurin cokali ya zama dole ba ado ba: allo mai 120 kowane ido 60 yake samu, mai 100 kowane ido 50. Allo mai 60 ba zai iya ba sam, don 30 ga kowane ido ƙyaftawa ce da ba mai jure ta.

Ribarta, kowane ido yana samun layinsa 1,080 cif. Amma a dubi abin da ake biya. Kowane ido a rufe yake rabin lokaci ko fiye, don haka hoto yana yin duhu ƙwarai. Tabaran na da nauyi, yana son caji ko sabon batir, kuma a 2010 guda ɗaya ya haura dala 100. Dole ya riƙa jin umarnin talabijin, da farko ta hasken infrared irin na rimot, wanda in wani ya gifta sai ya katse, daga baya ta Bluetooth. Na wannan kamfani ba ya aiki da na wancan. Har an gano cewa tabaran Samsung na farko yana aiki a talabijin ɗin Panasonic, amma sai ka kifa shi ka saka sama a ƙasa. In akwai dogon ƙwan lantarki a kunne a ɗakin, ƙyaftawarsa ta saɓa da ta tabaran, sai ɗakin duka ya kama rawa a gefen idonka. In kuma allon ya yi nawa wajen share hoton hagu, idon dama ya buɗe ya tarar da ragowarsa, sai ka ga kowane abu da inuwa a gefensa. Hussaini ya lashi cokalin Hassan. Filasma, da yake ɗigoginta na da zafin nama, ita ta fi iya wannan dabara; masu LCD kuwa sai da suka kai allo 200 da 240 suna cusa baƙin hoto a tsakani.

LG ta zo da kwano biyu a 2011, ta sa masa suna Cinema 3D. Shi ne Passive a kwali. Haske igiya ne, kuma ana iya tilasta masa ya riƙa kaɗawa ta fuska ɗaya. In kana da tabaran rana irin mai kashe ƙyallin titi, riƙe shi a gaban allon kwamfuta ka juya shi a hankali: a wata kusurwa allon zai yi baƙi. LG ta manna wa fuskar talabijin wata siririyar leda mai layi-layi, layukan mara ta murɗa haskensu dama, na cika ta murɗa hagu. Hoton ido ɗaya a layukan mara, na ɗayan a na cika, duka a lokaci guda. Tabaran kuwa roba ce kawai, kowane gefe yana barin murɗi ɗaya ya wuce. Ba batir, ba ƙyaftawa, ba nauyi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, hoto ya fi haske, kuma ba a bukatar allo mai gudu. Da yake murɗawa ce ba kaɗawa a miƙe ba, kana iya karkata kai ba tare da hoton ya lalace ba.

Kuɗin wannan sauƙi a layi ake biyan sa. Layi 1,080 aka raba biyu, kowane ido 540. Ka matsa kusa da allon ka rufe ido ɗaya, za ka ga sirara-siraran baƙaƙen layuka a kwance, gefen abubuwa kuma ya yi tsini-tsini. Akwai wata illa da ba a cika faɗa a shago ba. Ledar tana ɗan gaba da ɗigogin, don haka sai idonka yana daidai da tsayin allon layi yake faɗawa kan layinsa. In an kafe talabijin can sama kusa da silin, kamar yadda ake yi a gidajen kallo, ko yara suna kwance a tabarma suna ɗaga kai, hasken wannan layi ya biyo ta ledar maƙwabcinsa, zurfin ya rushe ya koma hoto biyu.

Kamfanonin Koriyan biyu sun yi ta jifan juna a 2011. Samsung ta ce abin da ke ba ido 540 bai cancanci a kira shi Full HD ba. LG ta ce ai 540 da 540 a ƙwaƙwalwa ɗaya suke haɗuwa, kuma tabaran abokan hamayyarta yana gajiyar da ido. Abin ya kai wani babban jami'in Samsung ya zagi injiniyoyin LG a gaban 'yan jarida, daga baya ya ba da haƙuri. Hujjar LG kamar a ce wa tagwaye ne kada su damu da rabin kwano, tunda duk cikin gida ɗaya kunun ya shiga. Da ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, don da ido biyu a buɗe hoton ya fi yadda 540 za ta sa ka zata. Amma bai kai 1,080 ba, kuma rubutu ƙanana yana tona asirin.

Maganin ashe babbar tukunya ce. Allon 4K layi 2,160 gare shi, in an raba kowane ido ya tashi da 1,080, daidai da abin da faifan Blu-ray na 3D yake ɗauke da shi. Talabijin ɗin OLED da LG ta fitar a 2016 masu wannan tsari su ne mafi kyawun 3D da aka taɓa kai wa ɗaki. Sai dai sun zo an riga an watse. ESPN ta rufe tasharta ta 3D a 2013, BBC ta dakatar da nata a shekarar, Sky ta rufe tata a 2015. Samsung ta cire 3D daga talabijin ɗinta a 2016, LG da Sony suka bi a 2017. A sinima ne abin ya fi rayuwa, inda tsarin RealD ya haɗa dabarun biyu: majigi yana musanya hagu da dama sau 144 a sakan, na'urar da ke gabansa tana murɗa hasken, 'yan kallo na sanye da tabarau na roba.

Dalilan mutuwarsa a gida ba ɓoyayyu ba ne. Abin kallo ya yi kaɗan. Talabijin kuma ba sinima ba ce. Ana kallo ana cin abinci, ana duba waya, ana leƙa tukunya, ba wanda zai yi wannan da baƙin tabarau. A gida mai mutum goma, tabarau biyun da suka zo a kwali fitina kawai za su haifar. Sannan akwai abin da babu dabarar da ta magance shi cikin biyun. In abu ya matso kusa da kai a zahiri, idanu suna karkatowa ciki, ƙwayar kowane kuma tana daidaita ganinta a wannan nisan. Aiki biyu ne da ke tafiya tare tun kana jariri. A 3D kuwa ana sa idanu su karkato kan abin da yake kamar a gaban hanci, alhali dole ƙwayar ta zauna a kan allon da ke can bango. Wannan saɓani ne ke kawo ciwon kai da jiri. Kamfanin Nintendo da kansa ya gargaɗi iyaye kada yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa su yi amfani da 3D ɗin na'urarsa ta 2011. Mai ido ɗaya da mai tsananin harara-garke kuwa, yawanci ba sa ganin zurfin ko kaɗan.

Irin waɗannan talabijin ɗin har yanzu suna shigowa cikin kayan gwanjo, da tambarin 3D a goshinsu, kuma mai shago zai so ya ƙara maka kuɗi a kansa. Kada ka ƙara ko sisi, sai in kana da faifan 3D da na'urar da ke karanta shi. In kana da su, marar batir ta fi dacewa da gida mai jama'a, musamman in 4K ce, ka kafe ta daidai tsayin idon wanda ke zaune. In mai batir ce, kada ka karɓa sai da tabaranta a hannu an gwada a gabanka, don samun wani a kasuwa yanzu aiki ne. Abin da ya rage mata na amfani shi ne allonta lalle mai 100 ko 120 ne na gaskiya, tunda ba ta iya aiki da ƙasa da haka.

Ga mai sayen sabuwa kuma, in ƙwallo da labarai da fina-finan Hausa ne kallonka, mai 50 da 60 ta ishe ka, ka sa rarar kuɗin a girman allo da kyan haske. Kafin ka biya, ka ce a cire faifan tallar nan na furanni da kifaye, a kunna maka wasan ƙwallo, ka tsaya ka bi ƙwallon da ido.